Inda Hayaƙi Ya Tashi: Jagorar Baƙo Mai Neman Abinci a Nguru da Gashuwa

Mota ta sauke ka a tashar Nguru da hantsi, ko a ta Gashuwa bayan azahar, ƙura har gira, ciki yana kiran ciroma. Abin da baƙon birni ya saba shi ne ya ɗaga kai ya nemi allo mai rubutu da hoton kaza. Akwai irin waɗannan gidajen abinci a garuruwan biyu, wasunsu ma ba laifi. Sai dai wanda ya tsaya a kansu kaɗai zai koma gida bai ɗanɗani garin ba. Abincin da 'yan gari ke yabo yana ƙarƙashin rumfar zana, ko a zauren wani gida, ko a kan teburin da ake kafawa bayan magariba a kwashe kafin dare ya raba. Kowanne da sa'arsa, in ta wuce kuwa sai gobe.

Na taɓa zuwa wurin wata mai waina da aka yaba mini da ƙarfe tara na safe, na tarar an wanke tanda an kife. Tun daga ranar na gane cewa a wannan yanki da abu uku ake neman abinci: sanin lokaci, iya tambaya, da lura. A kan su na gina wannan jagora, kuma za mu bi yini guda ne daga asuba zuwa dare.

Fara da sanin abin da ƙasar ke bayarwa

Kafin ka tambayi abin da ke cikin tukunya, san abin da ke shigowa kasuwa. Layin jirgin ƙasa daga Kano, wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya iso Nguru a 1930, nan kuma ya tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa, ƙaro, kanwa, fatu da ƙiraga, da dabbobin da ake korowa daga ƙasar Manga da Nijar. Busasshen nama ma daga nan ake lodinsa zuwa kudu. Garin da ya yi kusan shekara ɗari yana ciyar da fatake, ma'aikatan reluwe da 'yan dako ya san kan nama, ya kuma san yadda ake ciyar da mai sauri.

Gashuwa tana gabas, tafiyar kimanin kilomita 65 ta Jajimaji. Ita ce mazaunin Mai Bade, tana bakin kogin Yobe, ƙasa kaɗan da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suka haɗu. Tsakanin garuruwan biyu fadamar Haɗeja da Nguru ce shimfiɗe, wadda a shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Daga wannan fadama ake samun shinkafa, kifi, kayan lambu na rani, da ciyawar da ke riƙe garken Fulani bayan ko'ina ya bushe.

Saboda haka ƙa'idar farko mai sauƙi ce. A Nguru ka ba nama muhimmanci, a Gashuwa ka ba kifi da shinkafa. Kowane gari yana da na ɗan'uwansa, tafkin Nguru ma yana ba da kifi, amma in kwana ɗaya gare ka a kowanne, haka za ka raba cikinka.

Wa za ka tambaya, kuma da wane lafazi

Matambayi ba ya ɓata, in ya san wanda zai tambaya. Nemi mutanen da aikinsu ya hana su cin abincin gida: direbobi da 'yan kamasho a tasha, masu adaidaita sahu, 'yan dako a kasuwa, ma'aikatan da ke kwana a bakin aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman ko na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013. Waɗannan kullum suke ci a waje da kuɗin guminsu, ba za su yi ta komawa inda aka ɓata musu ciki ba.

Fara da sallama da gaisuwa cikakkiya. Da Hausa za ka yi duk harkarka a garuruwan biyu, amma in ka ji ana Barbarci ka ce "wushe", za ka ga fuska ta saki. Bayan gaisuwa, kada ka ce "ina ake sayar da abinci mai kyau?" Mutumin zai dubi rigarka da jakarka ya tura ka inda yake ganin ya dace da babban baƙo, wato inda ya fi tsada. Ce masa: "Malam, don Allah kai a ina kake karyawa?" Ko kuwa: "Baba, a unguwar nan wace ce ta fi iya waina?" Tambayi mutum uku a wurare daban-daban. Sunan da ya fito sau biyu, nan za ka nufa.

Kwatancen da za a yi maka da alama ne: bayan masallacin Juma'a, gindin bishiyar maina, kusa da mai faci. Riƙe alamar, sannan ka ƙara tambaya ɗaya wadda baƙi ke mantawa: "Ƙarfe nawa take gamawa?"

Asuba: koko, ƙosai da waina

Da sanyin safiya ake kama fara. Daga idar da sallar asuba zuwa wajen ƙarfe takwas ne lokacin karin kumallo na gaske. Fita da ƙafa, ka duba inda hayaƙi ke tashi a bakin lungu, yara riƙe da kwanuka suna jiran layi. Yaran nan aiko su aka yi daga gidaje, matan gida kuwa ba sa aikawa wurin wadda ba ta iya ba.

Koko mai kyau na gasarar gero ne, da ɗan tsami kaɗan, citta da kanumfari suna tashi a hanci kafin ka kai baki. In ya tsinke kamar ruwa ko tsaminsa ya kai ga yamutsa fuska, gasarar ta kwana biyu. Wurin ƙosai kuwa, kaskon za ka fara duba. Man da ya yi baƙi yana kumfa an sha soya da shi, zai bar maka ɗaci a maƙogwaro. Ƙosan da aka buga ƙullunsa sosai yana tasowa saman mai nan da nan, ba nauyi a hannu, in ka ɓare shi cikinsa da ƙofofi.

Waina ita ce gwajin hannun mai abinci. Ƙullun shinkafa ne da ya kwana ya tashi, a zuba a tanda da ɗan mai. Wadda ta yi daidai bayanta ja ne, cikinta fari da laushi, ba ɗanyen ƙullu a tsakiya. Tsaya a ba ka wadda ta fito daga tanda yanzu, ko da za ka jira minti biyar. Ci da miyar taushe, ko da mai da yajin ƙuli. In ka samu mai yin sinasir, kada ka wuce: shi ma na shinkafa ne, amma faffaɗa, ba a juya shi, samansa fari mai ido-ido, kuma Barebari sun yi suna a kansa. A lokacin sanyi nemi kunun gyaɗa ko na tsamiya, da funkaso na alkama.

Ga ladabin wurin: mai wainar "Hajiya" ce ko "Iya" gwargwadon shekarunta. Kada ka tsallake yaran da ka tarar, sai in ita da kanta ta ce a ba baƙo. Riƙe canji a hannu, domin da sassafe ba ta tara kuɗin da za ta canza maka babbar takarda ba.

Teburin mai shayi

Mutanen Turai suna da shagunan shan gahawa inda suke zama su yi hira su karanta jarida. Namu shi ne teburin mai shayi, kuma a Nguru da Gashuwa sau biyu yake ci a rana: da safe zuwa hantsi, sai kuma daga magariba zuwa tsakar dare. Benci uku kewaye da tebur, gwangwanayen madara da na Bournvita a jere, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai, tukunyar ruwa a kan wuta, rediyo tana kawo labaran duniya.

Kafin ka zauna, duba abu uku. Ruwan yana tafasa a kan wuta ko ya huce? Kofuna a ruwa nawa ake wanke su, roba ɗaya da ta yi kauri ko biyu, ta sabulu da ta ɗauraya? Ƙwai a gabanka ake fasawa? In ukun nan sun yi, zauna.

Faɗi abin da kake so filla-filla, domin kowane kofi haɗin mai shi ne. "Mai kauri" shi ne wanda aka cika wa madara da Bournvita ko Milo. "Ruwan bunu" shi ne baƙin shayi ba madara, kuma a nan ake gane gwani, domin ba abin da zai ɓoye kayan ƙamshinsa: citta, kanumfari, masoro, wani ya ƙara na'a-na'a. In ba ka son sukari da yawa, faɗa tun kafin ya ɗauki cokali. Sannan ka saurari yadda yake sheƙa shayin daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa ya huce daidai sha. Wainar ƙwai da albasa da attaruhu a tsakiyar burodi, ko Indomie da ƙwai, su ne abokan tafiyarsa.

Da yake iyakar Nijar ba nisa, za ka ci karo da masu dafa shayin Buzaye a ƙaramar buta kan gawayi. Wannan ba na mai sauri ba ne. Zagaye uku ake yi a ƙananan kofuna, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. In an miƙo maka na farko, ka yi niyyar zama har na uku.

Teburin shayi majalisa ce. A nan za ka ji farashin buhun shinkafa, inda ruwa ya cinye hanya, da wanda ya yanka sa mai ƙiba yau. Baƙo ya fi cin riba in ya yawaita sauraro ya rage baki, musamman in hira ta juya siyasa. A nan kuma za ka yi tambayar da za ta kai ka mataki na gaba.

Gidan burodi da tanderu

Tambayi mai shayi burodin wane gida yake ɗauka, da ƙarfe nawa ake kawo masa. Shi ne babban mai sayen burodi a gari, kuma in burodin ya yi tsami shi ake yi wa ƙorafi. Da ka ji sunan gidan, je can da kanka a lokacin da ake fitarwa daga wuta. Zuwa da kai ya fi aike: za ka ga tsabtar wurin, za ka kuma samu mai zafi a farashin gida.

Gwada burodi da hannu da hanci. Ɗaga shi ka ji nauyi. Matsa shi da yatsa, mai kyau zai dawo yadda yake. Wanda ya kumbura ya cika ido amma ba nauyi, ka matsa ya lafe kamar tsumma, bar shi. Hukumar NAFDAC ta haramta saka sinadarin bromate da wasu ke amfani da shi don kumbura burodi, don haka duba lambar hukumar da sunan gidan a jikin leda. In ledar ta yi gumi a ciki, da zafinsa aka ƙulle shi, ka ci a ranar, domin a zafin yankin nan, balle da damina, ba ya jimawa yake yin funfuna.

Kada burodi ya sa ka manta da gurasa, wadda ake mannawa a cikin tanderu ta gasu da zafin jikin tukunyar. Da romo ko da tsire ta fi tafiya, ko a yi maka bandashe da ƙuli da mai da albasa. Su alkaki, nakiya da dubulan kuwa ba a cika baza su a tebur ba. Matan gida ne ke yi, galibi na biki. In kana so, gaya wa matar mai masaukinka kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyarka, ita ta san gidan da za a aika.

Abincin rana: shinkafa, burabusko da kifi

Tukwanen rana suna sauka ne daga sha biyu da rabi, zuwa ƙarfe biyu mai kyau ya ƙare. Yi sallar azahar a kusa da inda za ka ci, ka bi sawun waɗanda suka fito daga masallaci.

Karanta rumfa kafin ka shiga. Tukunya tana kan murhu tana tururi, ko abincin yana cikin kula tun safe? Akwai buta da sabulu a bakin ƙofa? An rufe miya? Ina ake zubar da ruwan wanke-wanke? Su wa ke zaune, 'yan gari da suka san sunan mai abincin ko matafiya zalla? Rumfar da mutane ke shiga suna fita ba ta barin abinci ya kwana. Tambayi kuɗin kwano da na yankan nama ko kifi kafin a zuba, ba abin kunya ba ne.

A Gashuwa ka ce a ba ka shinkafa 'yar gida. Ƙwayarta ba ta kai ta waje sheƙi ba, amma tana da ƙamshi da gardi, kuma tana riƙe ciki. Mai abincin da ta san aikinta tana rege ta tsaf, ba za ka tauna tsakuwa ba. Ana yin ta dafa-duka da busasshen kifi da daddawa, ko da wake da mai da yaji, ko a tuƙa tuwonta a ci da miyar kuka ko ta kuɓewa. Tambayi burabusko ma, tsakin gero da ake turarawa ya yi warwar, abincin Barebari na asali. Da miyar yakuwa mai kifi ya fi shiga. Danderu, naman da ake turarawa da kayan ƙamshi har ya bar ƙashi, an fi yin sa a biki da walima. In an gayyace ka inda aka yi shi, ka amsa gayyata.

Kifi kuwa yana da hanyar da ta fi kowace, in kana da rabin yini. Je bakin ruwa ko inda masunta ke sauke kamu da safe, tare da ɗan gari. Tarwaɗa ka saye ta da rai tana motsi a cikin daro. Karfasa ka duba idonta, ya zama garau ba hazo, ka ɗaga murfin kunnenta ka ga ciki ja, ka danna jikinta ka ga bai loɓa ba. Ragon ruwa shi ne na farfesu, tsoka da maiƙo. Ƙurungu yana da daɗin romo, amma a kula da ƙayarsa wajen ɗauka. Kai kifin wurin mai abincin da ka riga ka yi magana da ita, ku daidaita kuɗin aiki da na kayan miya, ka ce mata ƙarfe nawa za ka dawo. Karfasa a soya, tarwaɗa da ragon ruwa a yi farfesu da citta, masoro, kimba da attaruhu. Kifin da ya kwana a ruwa ya yini a tukunya, ba gidan abincin birnin da zai ba ka irinsa.

Wajen ciniki ka ji tausayin masunci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar nan ta sauya, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigai da yawa. Kamun da kake gani a daro da wahala aka samo shi. Yi tayi na mutunci, in ya ce albarka ka ƙara.

Ruwan sha ka riƙe naka na gora ko na leda mai rufi. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka.

La'asar: fura da abin sanyi

Idan rana ta karya, ciki ba ya son nauyi. Wannan lokacin fura ne. Nemi inda matan Fulani ke zama da ƙorensu a inuwa, galibi a gefen kasuwa ko tasha. Ka san bambancin abin da kake saye: kindirmo shi ne mai kauri da ba a cire masa mai ba, tsala kuwa an kaɗe man, ya fi tsami da ruwa. Ce a ɗiba da ludayi a zuba ka gani. Kindirmo na gaske yana sauka da nauyi, ƙamshinsa na madara ne. Furar kuma ka gutsura ka shinshina, ta yau tana ƙamshin gero da citta. A dama a gabanka, ka faɗi yawan sukari. In za a saka ƙanƙara, gara wadda aka daskarar cikin ledar ruwa mai rufi.

Akwai zoɓo, kunun aya, da ruwan tsamiya mai kayan ƙamshi da Barebari ke ce wa ardeb. Kunun aya ba ya jure zafi, in ba daga cikin sanyi ya fito ba ka haƙura. Na taunawa kuma ga goruba, wadda bishiyarta ta cika yankin, ga aya, ga dabino, ga kankana da rake a lokacinsu.

Dare: wurin mai tukuba

Bayan magariba gari yakan canza ƙamshi. A Nguru musamman, wannan ne lokacin da ka yi wa tanadin ciki. Je da wuri, tsakanin magariba da isha, lokacin da zubin farko ke sauka. Tsire shi ne wanda aka soke a tsinke aka shafe da ƙuli, aka jera kewaye da wutar tukuba. Balangu kuwa gashi ne a kan waya, ba ƙuli, daɗinsa daga naman ne da kitsensa. Mai nama zai yanko maka ɗanɗano, wannan al'ada ce, karɓi ka ci, amma kada ka ɗanɗana wurin mutum uku ka wuce ba ka saya ba.

Nuna yankin da kake so, ka faɗi ko rago ko sa, tsoka zalla ko da kitse, da hanta ko babu. Ce a mayar maka kan wuta ya yi zafi har ciki kafin a yanka. Naman yau jikinsa da danshi, na jiya da aka sake ɗumamawa gefensa a bushe yake, ya yi duhu. A sa yaji a gefen takarda, domin hannun kowane mai nama daban ne wajen barkono. Albasa da tumatir a yanka a gabanka. Ɗauki ƙunshinka ka koma teburin mai shayin safe, ka haɗa da ruwan bunu da gurasa. Ka kuma tambayi mai masaukinka lokacin da gari ke kwanciya, ka koma masauki kafin nan.

Tsaraba

Wanda ya je Nguru ya dawo ba kilishi, sai ya yi bayani a gida. Ana feɗe nama ne fale-fale a shanya, a tsoma a labu na gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama. Saya a inda ake yi, inda za ka ga shanyar da idonka. Mai kyau a bushe yake amma ba ya farfashewa kamar ƙanzo, ba ya warin tsohon mai. A naɗe maka a takarda. Leda tana sa shi gumi ya lalace a hanya.

Daga Gashuwa bandar kifi ce tsaraba. Ƙamshin hayaƙi kaɗai ya kamata ka ji. Karya ɗaya ka duba ciki, kada ka ga gari ko ƙwari. In ka ji wani wari mai kama da maganin sauro, ajiye ka bar wurin, domin a kasuwannin ƙasar nan akwai masu fesa wa busasshen kifi fiya-fiya don korar ƙwari, wannan kuwa guba ce. Ƙara da 'yan mudu na shinkafa 'yar gida da kwalbar man shanu, in akwai wuri a jaka.

Wata da wata

Abin da ke tukunya yana bin ruwa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, nono ya wadata, ga ɗanyar kuɓewa da yakuwa, amma hanyoyin fadama suna wahala. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da na fi so wa baƙo: ruwa yana janyewa, kifi ya samu, sabuwar shinkafa ta shigo, tumatir da albasa da tattasai na lambu sun fara, sanyin hunturu kuma yana sa shayi da tsire su yi armashi. A lokacin ne kuma tsuntsayen Turai ke sauka a Dagona da ke cikin fadamar nan, wurin da Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. In tafiyarka ta dace da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, tsohuwar hedikwatar masarautar, ka je, za ka ga kifin da ba ya zuwa kasuwa kullum. Da azumi kuwa duk jadawalin nan juyawa yake: rumfunan rana a rufe, ƙosai da kunu su fito da la'asar, mai shayi ya kai sahur. Ranar kasuwar mako ma ka tambaya tun isowarka, domin ranar ce aka fi yanka, aka fi dafawa, abinci kuma ya fi saurin ƙarewa.

Koma inda ka ji daɗi

Kowane dare ka rubuta abu huɗu a ɗan littafi ko a waya: abin da ka ci, alamar wurin, sa'ar da ka samu, da wanda ya kwatanta maka. Kwana uku sun isa ka tara jerin da ya fi duk wanda wani zai ba ka, domin masu rumfa suna ƙaura, tebur yana canza gindin bishiya, amma hanyar nemansu ba ta canzawa.

In wuri ya yi maka, kada ka ce sai ka zagaye gari kafin ka dawo. Koma washegari a sa'a ɗaya, ka gaishe da mai abincin, ka ce: "Hajiya, wainar jiya ce ta dawo da ni." Wannan mata tun ƙarfe huɗu na dare ta tashi ta duba ƙullu ta hura wuta, kuma da wuya a cikin masu saye wani ya tsaya ya gaya mata ta iya. A rana ta uku ba sai ka faɗi abin da kake so ba. Za ta hango ka daga bakin lungu ta ce wa yarinyarta a kawo wa baƙonmu kujera, ta zuba maka yadda ka saba, ta ɗora biyu a kai ta ce gyara ne. Ranar da za ka tafi, je ka yi mata sallama ko da ba za ka saya ba, ka yi wa mai shayi da mai tukuba haka. In Allah ya sake kawo ka Nguru ko Gashuwa, ba tambaya za ka fara da ita a tasha ba, gaisuwa za ka je.